Shepherd's pie, abincin da ke ɗumama mana gida in sanyin Manchesta ya kama

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da yamma ƙarfe huɗu bata ma cika ba gari ya riga yayi duhu, na fito daga wajen aiki ruwan nan nasu mai yayyafi da baya ƙarewa yana sauka a kaina, iska kuma kamar ana watsa miki ƙanƙara a fuska, ina tsaye a tashar bas hannuna cikin aljihun riga abu ɗaya kawai ke raina, in isa gida in kunna obin in haɗa shepherd's pie. Wadda bata taɓa zama a arewacin Ingila a watan Disamba ba zata ga kamar ina ƙari ne, amma wallahi a nan lokacin magariba yana shiga tun kafin huɗu, azahar da la'asar da magariba su zo miki a jere kamar koro su ake yi, yara su fita makaranta gari bai gama wayewa ba, su dawo rana tana shirin faɗuwa. Tun daga Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya gidanmu yake canza irin abincin da yake ci. Tuwo yana nan, shinkafa da miya tana nan, ba abinda zai raba mu da su, amma ranar da kowa ya dawo a jiƙe a gajiye, abinda yara ke tambaya tun daga bakin ƙofa shine, Mama yau za'a yi na tire ɗin nan?

To na tire ɗin nan shi nake so in baku labarinsa yau, da yadda nake yinsa, da yadda aka yi har na iya.

Ga wadda bata sanshi ba, abu ne mai hawa biyu. A ƙasa niƙaƙƙen naman rago ne da aka dafa da albasa da karas cikin romo mai kauri, a sama kuma dafaffen dankalin Turawa da aka dama da bota da madara ya zama laushi, a shimfiɗa shi kamar bargo a kan naman, a saka a obin har saman yayi ja yayi ɗan ɓawo. Shikenan fa. Babu fulawar da ake murzawa kamar na mitfai ɗin da muka sani, duk da suna kiransa fai. Sunan ma'anarsa fai ɗin makiyayi, mai kiwon tumaki, shi yasa mutanen nan in kika yi da naman sa zasu ce miki ai wannan ba shepherd's pie bane, cottage pie ne, wato na ɗan ƙaramin gidan ƙauye. Wasu basu damu da bambancin ba, wasu kuma zasu tsaya suyi miki gyara har sai kin yarda.

Shekararmu ta biyu a nan babbar 'yata ta dawo daga makaranta, lokacin tana 'yar shekara shida, tace Mama yau an bamu wani abu mai daɗi, nama a ƙasa dankali a sama, ki yi mana irinsa. Makarantarsu suna da na halal saboda yawan yaran Musulmi a unguwar. Ni kuma nace ai wannan ba wani aiki bane, nama da dankali ne, me zai gagara. Na dafa nama kamar yadda nake miyar dage-dage, da ruwa-ruwansa, na dafa dankali na zuba a bilenda na ƙara madara, na juye akan naman na tura obin. Da na fito da shi dankalin ya nutse cikin romo, kitse yana yawo a sama, shi kanshi dankalin yayi danƙo yana jan cokali kamar sakwarar da aka bari ta kwana. Yarinyar ta ci cokali biyu ta ajiye, bata ce komai ba dan kar raina ya ɓaci, amma naga idonta, kuma abin ya tsaya min a rai, dan lokacin tana fama da sabon waje, sabon yare, yara basu gama karɓarta ba, wannan ne abu na farko na ƙasar nan da ta kawo min gida tace tana so, ni kuma na kasa yi mata shi.

Maƙwabciyarmu ce ta cece ni. Wata dattijuwa ce da muke katanga ɗaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, tun zuwanmu take mana kirki, ita ce ta koya min ranakun fitar da shara da wace kala ta bola ake saka me. Yarana Nana suke ce mata, haka jikoki ke kiran kakarsu a nan, ni kuma sai abin yayi min daɗi a baki tunda muma Nana sunan girmamawa ne a wajenmu. Ita kuma lob take ce min, haka mutanen arewacin Ingila ke kiran kowa, daga direban bas har mai shago, kamar dai muce 'yar nan ko ƙawata. Washegari muka haɗu wajen shanya na bata labarin abinda ya faru, tace kar ki damu, ranar Asabar ki sayo namanki a wajen mahautanku, ni zan zo da dankali, a kicin ɗinki zamu yi da tukwanenki. Ta san bama cin naman da ba yankan Musulmi ba, ban taɓa zama nayi mata dogon bayani ba, ita da kanta ta lura ta kiyaye. Wannan abin har yau in na tuna sai naji ƙaunarta ta ƙaru a raina.

Ranar Asabar ɗin ta shigo da ledar dankali da wata 'yar kwalba mai lemon takarda, ta ɗaura atamfar kicin ɗinta, abu na farko da ta faɗa min shine, ruwa ne abokin gabar abincin nan, sama da ƙasa. Naman sai ya tsotse, dankalin sai ya bushe. In kika riƙe wannan kin gama iya shepherd's pie, sauran duk ado ne.

Muna aiki tana bani labari. Tace lokacin tana yarinya ba'a sayen ɗanyen niƙaƙƙen nama dan wannan abincin, na ranar Litinin ne. Ranar Lahadi iyali su gasa babbar tsoka, cinyar rago ko ta sa, a ci da rana bayan an dawo coci, abinda ya rage sai uwa ta saka a ɗan injin niƙan nan na ƙarfe da ake ɗaurewa a bakin tebur ana juyawa da hannu, ta haɗa da ragowar romo, ta rufe da dankali, nama kaɗan ya ciyar da gida guda wani daren. Abincin masu tattali ne, na ma'aikatan masaƙa da manoma, dankali mai arha yana cika ciki, nama yana bada ɗanɗano. Daga baya da na ɗan bincika naga sunan cottage pie tun 1791 akwai shi a rubuce, shi kuma shepherd's pie sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 ya fara fitowa a littattafan girki. Shi dankalin ma ba ɗan asalin nan bane, daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, Sifaniyawa suka kawo shi Turai a ƙarni na 16, a hankali ya zama abincin talaka, musamman a Ailan inda suka dogara da shi har da cuta ta kama gonakin dankali a 1845 aka shiga yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu masu yawa suka bar ƙasar, da dama ma nan Manchesta da Libaful suka sauka. Kakannin Nana ta wajen uwa daga can suka fito. Ni kuma nace mata kin san a Najeriya Airish muke ce wa dankalin nan? In kinje kasuwa kika ce a baki Airish kowa ya san me kike nufi. Tayi ta mamaki, tace ashe sunan ya je har can. Faransawa ma suna da irin nasu, suna kiransa da sunan Parmentier, mutumin da ya dage a ƙarni na 18 sai da ya sa mutanen Faransa suka yarda dankali abinci ne.

Kuma in kika hau jirgin ƙasa daga Manchesta zuwa Shefild zaki gane dalilin da yasa rago ne a ciki. Jirgin yana ratsa tsaunukan Peak District, ta wajen Edale, duk inda kika duba tudu ne kore shar da katangun duwatsu, tumaki farare a warwatse kamar an zuba auduga, ruwa na dukansu basu ko damu ba. Ƙasar bata yi wa alkama daɗi sosai ba a can saman, ciyawa ce da tumaki.

Toh bari in zo kan yadda nake yi yanzu, mu biyar ne a gida kuma ina so ya rage na gobe.

Nama ina sayen gram 750. Mahautan halal a nan yawanci 'yan Pakistan ne, ko a unguwar Cheetham Hill ko Longsight, in kika ce kima sun gane niƙaƙƙe kike so. Suna da na ɗan rago da bai shekara ba, suna da na babban rago, ni na babban nafi so dan yafi ƙamshin naman da muka saba da shi a gida kuma yafi sauƙin kuɗi, sai dai yana buƙatar ya ɗan daɗe a wuta. Ina cewa su niƙa min daga kafaɗa, da ɗan kitse amma ba mai yawa ba. Ki ɗora babban kasko ko tukunya mai faɗi, wuta sosai, mai kaɗan kawai dan naman zai fitar da nasa. Kar ki juye naman duka lokaci ɗaya, nan ne kuskuren da yawancinmu ke yi, in ya cika kaskon sai ya fara fitar da ruwa ya koma dahuwa, yayi fari-fari ba ƙamshi. Ki raba shi biyu ko uku. Ki baza kashin farko ki ƙyale shi, kar ki taɓa, minti uku ko huɗu, sai kinji ƙarar ta canza daga tafasa ta koma soyuwa, gefe ya fara yin ja mai duhu, sannan ki farfasa da muciya ki juya. Nana tana tsaye a kaina ranar farko, duk na kai hannu zan juya sai ta riƙe min hannu tace bari, bari tukuna, launin nan shine ɗanɗanon. In ya soyu ki kwashe, ki yi na gaba. Kitsen da ya taru ki tsiyaye ki bar kamar cokali biyu, da shi zaki soya albasa. Abinda ya kama a gindin kaskon kuma kar ki kuskura ki wanke, dukiya ce, romo zai ɗago shi.

Albasa manya biyu, yankan ƙanana. Karas uku, shima ƙanana kamar ƙwayar masara dan ya dahu tare da naman, wasu suna gogawa a abin goga kuɓewa in suna da yaran da ke tsince kayan lambu. In da seleri ki saka sanda ɗaya ko biyu, in babu ba komai. Ki rage wuta ki barsu su yi laushi a hankali, wajen minti goma, albasar ta zama kamar gilashi ta fara zaƙi. Sai tafarnuwa guda uku, sai tumatirin gwangwani cokali biyu, ki soya shi minti ɗaya ko biyu yadda muke yi a miya har tsamin ya mutu. Ki lura cokali biyu nace, ba jar miya muke yi ba, romon nan ruwan ƙasa ne launinsa. Sai ki mayar da naman, ki barbaɗa fulawa babban cokali ɗaya da rabi, ki juya har ta ɓace, ita ce zata kama romon yayi kauri. Sannan romo kamar rabin lita, in kina da na ƙashin rago da kika tafasa yafi, in babu ruwan zafi da dunƙule biyu ya wadatar. Tayim, ɗan rozmari in akwai, ganyen be ɗaya ko biyu, masoro, gishiri kaɗan tukuna dan romon zai ƙafe gishirin ya fito.

Sai 'yar kwalbar nan da Nana ta zo da ita, Worcestershire sauce, su suna furta shi Wusta kawai, duk dogon rubutun nan. Na kamfanin Lea & Perrins shine sananne, a garin Wusta ake yinsa tun 1837. Da na karanta bayan kwalbar dan in tabbatar ba abinda ya haramta sai naga a cikin kayan haɗin akwai tsamiya, da binega, da albasa da tafarnuwa da wani ƙaramin kifi da ake barinsa ya daɗe a gishiri. Da na ɗanɗana sai naji aikin da yake yi kusan irin na daddawa ne a miyarmu, ba'a ganinta amma in babu ita sai kiji miyar ba gindi. Cokali biyu nake sakawa. Zaki ga wasu girke-girken Turawa suna cewa a zuba jar giya ko baƙar giyar Ailan a romon, wannan ba namu bane kuma ba'a buƙatarsa, Nana ma tace uwarta bata taɓa sakawa ba, ina suka ga kuɗin zuba giya a tukunya.

Yanzu ki barshi a ƙaramar wuta, murfi a ɗan buɗe, minti 35 zuwa 45, kina leƙawa kina juyawa. Yadda zaki gane yayi shine ki ja muciya a tsakiyar tukunyar, in hanyar da kika buɗe ta tsaya kika ga gindin tukunya na ɗan lokaci kafin romon ya dawo a hankali ya rufe, to yayi. In ya rufe nan take kamar ruwan rafi, da saura, ki cire murfin ki ƙara masa lokaci. Kar kuma ya bushe ƙayau kamar dambun nama, ana so in an yanka romo ya ɗan gangaro a faranti. A ƙarshe nake zuba fis, koren waken nan na Turawa, na firiza kofi ɗaya, baya buƙatar dahuwa, zafin naman ya ishe shi, ki cire ganyen be, ki ɗanɗana gishiri.

Maganar yaji. Na san abinda ke ranku kenan, ina attarugu? Gaskiya da farko na so in cika shi da kayan miya ya koma irin namu, kori da citta da attarugu da komai. Amma da na ci na hannun Nana sai na fahimci daɗinsa a natsuwarsa yake, ƙamshin rago da bota da zaƙin karas, abu ne da yaro ɗan shekara biyu da tsohuwa mara haƙori zasu ci daga tire ɗaya. Abincin mutane ne da tarihinsu, ina so yarana su sanshi yadda masu shi ke yinsa, kamar yadda nake so in wani zai yi miyar kuka ya yi ta yadda take. Abinda nake yi shine rabin attarugu ɗaya in jefa shi a romon ba tare da na yanka ba, ya bada ƙamshi in cire, sannan in ajiye yajin ƙuli a tebur. Abbansu baya cin cokali ɗaya sai ya barbaɗa, kuma yana tafiya da shi sosai.

In naman yayi ki juye a kwanon gashi mai ɗan zurfi, na tangaran ko na gilashi, ki baza, ki barshi ya huce aƙalla minti goma sha biyar. Wannan hucewar tana da muhimmanci, saman naman zai ɗan daskare ya iya ɗaukar nauyin dankali. Nawa na farko ya nutse ne saboda romon ruwa ne kuma yana tafasa na ɗora masa kaya.

Dankali kilo ɗaya da ɗan ƙari. A nan kowane dankali da sunansa a jikin leda, kuma ba duka ke yin wannan aikin ba. Ana son mai gari-gari wanda in ya dahu yake farfashewa, Maris Piper ko King Edward, su ne na damawa. Ƙananan nan masu santsi na salak ne, in kika dama su sai suyi danƙo. Ki fere ki yanka manya-manya daidai da juna, ki saka a ruwan sanyi da gishiri sannan ki ɗora, ba a tafasasshen ruwa ba, dan ciki da waje su dahu tare. Kamar minti 15 zuwa 20 bayan ya tafasa, in kika soka wuƙa ta shige ba gardama ya dahu. Ki tsiyaye a gwagwa, sannan ga sirrin, ki mayar da shi cikin tukunyar da ba ruwa ki ɗora a ƙaramar wuta minti ɗaya ko biyu kina girgizawa, zaki ga tururi yana tashi, gefen dankalin yayi fari kamar an barbaɗa masa gari. Ruwan da ya fita nan gurbinsa bota da madara zasu shiga. Bota kamar gram 60, ki saka tun da zafi ki farfasa da abin dama dankali ko bayan ludayi ko cokali mai yatsu, sai madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan, wajen rabin kofi, kar ki zuba duka sai kin ga yadda yake sha. Ana so ya fi wanda ake ci haka nan tauri, ya tsaya a cokali in kin ɗaga. Dan Allah kar ki saka a bilenda, kuma kar ki tuƙa shi kamar tuwo. Mu hannunmu ya saba da neman danƙo, a sakwara ko tuwon shinkafa danƙon shine gwaninta, a nan kuma shine lalacewa, yawan bugu yana fasa sitacin dankalin ya koma kamar gam. Da ƙulallai sun ɓace ki tsaya. Gishiri, ɗan farin masoro, wani lokacin ina goga gyaɗar ƙamshi kaɗan. Nana tana saka gwaiduwar ƙwai ɗaya dan saman yafi yin ja, nima na ɗauka.

Wajen shimfiɗawa kar ki juye shi tuli guda a tsakiya kice zaki baza, zai tura naman gefe. Cokali-cokali ake ɗorawa, a fara daga gefen kwanon a zagaye a rufe bakin sosai dan romo kar ya samu hanyar ɓullowa da yawa, sannan a cike tsakiya, a haɗe su a hankali. Sai aikin da ɗan autana ke jira tun da ya ji ƙamshin albasa, ya ja kujera ya hau ya karɓi cokali mai yatsu yana zana layi-layi a saman kamar kunyoyin gona. Ba ado kaɗai bane, tudun layukan nan su ke fara gasuwa suyi ƙamas-ƙamas, su ne kowa ke rububi a tebur. Shi baya yin layi a miƙe, wani lokacin da'ira yake yi, wani lokacin harafin farko na sunansa, ni dai ina barinsa. In kina so ki barbaɗa cukun ceda kaɗan, yarana suna so, Nana kuma tana ganin ɗan gutsuren bota nan da can ya isa.

Obin ya riga yayi zafi a digiri 200, in mai fanka ne 180, in na gas ne lamba 6. Ki ɗora kwanon akan tire dan in ya tafaso kar ya ɓata miki obin. Minti 25 zuwa 30, har saman yayi ja kuma kiga romo yana ɓul-ɓul a gefe. In kin fito da shi ki daure ki barshi minti goma, nasan da wuya dan lokacin ƙamshin ya cika gida yara sun kewaye ki da faranti, amma in kika yanka da zafinsa zai zube, in ya huta zai fito da hawansa biyu a tsaye.

'Yan uwana na gida da ke tambayata ko zai yiwu a can, zai yiwu sosai. Dankalin Jos da ake nomawa a Bokkos da Mangu yana yi, ki dai busar da shi da kyau bayan kin tsiyaye. In ba mai niƙa nama kusa, ki tuna asalin abincin da dafaffen nama ne, ki dafa tsokar rago tayi laushi ki daddatsa ƙanana da wuƙa ko ki ɗan daka a turmi, romon dahuwar kuma shine romonki. Bayan Babbar Sallah ma da nama ke yawa har an gaji da soyayye, wannan hanya ce mai kyau ta canza wa yara baki. In ba Wusta ki jiƙa tsamiya kaɗan ki haɗa da ɗan daddawa, ba zai zama iri ɗaya sak ba amma zai bada zurfin da ake nema. In ba obin, yadda ake gasa kek a babbar tukunya da yashi a ƙasa haka zaki yi, ki ɗora garwashi a kan murfi dan saman ya samu wuta, tunda komai na ciki ya riga ya dahu, launi da haɗuwa kawai ake nema.

Abinda yasa na riƙe shi a kwanakin aiki kuma shine yana jira. Ranar Lahadi in na samu sarari ina haɗa biyu, ɗaya in rufe in saka a firij yayi kwana ɗaya ko biyu, ɗaya in ya huce sarai in naɗe shi in saka a firiza. Wanda ya fito daga firij da sanyinsa yana buƙatar ƙarin minti goma ko sha biyar a obin, ki soka wuƙa a tsakiya ki taɓa, in ta fito da zafi sosai yayi. Na firiza kuma tun dare nake sauko da shi firij ya saki.

Ranar da muka yi na farko da Nana, 'yata ta ci ta ƙara, ta tashi ta rungume tsohuwar ta baya tana kan kujera. Yanzu yarinyar ta shiga sakandare, ita ke dama dankalin da kanta, kuma tafi ni haƙurin barin nama yayi ja. Nana kuma ƙafa ta fara bata wahala, bata iya tsayuwar kicin kamar da, yawanci abincin da ake ɗumamawa take ci. Jiya da na fito da tiren na yanke mata kusurwa, dan nasan nan tafi so inda dankalin ya kama gefen kwano yayi ƙamas, na rufe da wani faranti na ba autana ya saka takalmi da rigar ruwa ya kai mata. Ya dawo yana cewa Nana tace a gaya wa Mama gishiri yayi daidai, amma wai layukan yau sun karkace, shi kuma yace mata ai shi ya zana. Muka zauna mu biyar a ƙasa kan darduma kusa da hita, tiren a tsakiya, Abbansu da kwalbar yajinsa, ruwa yana ta dukan taga. Abinda ya rage na zuba masa a roba, da shi ya tafi aiki yau da safe.